Awarwaron zanen Inna

Ɗiyata ta fari ta kai shekara 6 a duniya ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Wanda ya tashi a Adar ba zai yi mamakin wannan ba. Ɗan fari na kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Haka na ga Innarmu tana yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah. "Wancan" take ce masa, alhali furfura ta fara fito masa a gemu. Da na haihu ni ma hanyar na bi, ba tare da kowa ya ce in yi ba. Ran Lahadi na haife ta, ranar kasuwar Tawa, ina naƙuda ina jin kukan jakuna da ƙarar amalanke suna wucewa ta bayan ɗaki, shi ya sa kowa ke ce mata Ladi har sunan yankan ya ɓace. Ni ko Ladin ba na faɗa. "Ke" nake cewa, in kuma zancenta nake yi da wani, "yarinyar nan."

A gidanmu na unguwar Bilbis, cikin Tawa, na yi wankan jego, kwana 40 Inna na dafa ruwa tana dama mini kunun kanwa. Tun lokacin yarinyar ta fi zama a hannunta, ni sai shan nono. Da aka yaye ta kuwa Inna ta zo da kanta gidan mijina a unguwar Wadata, ta goya ta, ta tafi da ita, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Can ta tashi. Inna na ce mata "kishiyata", suna faɗan wasa a kan tsohonmu, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. In na je gida Ladi na gaishe ni kamar yadda ƙannena ke yi: "Yaya, ina kwana." Yaya take ce mini. Ban taɓa gyara mata ba, kuma a lokacin ban ga abin gyarawa ba. Na samu maza biyu a bayanta, maigida yana Abijan wajen bida kamar mazan Adar da yawa, ni kuma ina kan keken ɗinkina a tsakar gida ina yi wa matan unguwa riga da siket. Rayuwa na tafiya.

A watan Agusta na 2021, damina ta yi tsaka, zazzaɓi ya kwantar da Inna kwana uku, a na huɗu ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Bayan sadakar bakwai aka kawo mini Ladi da kayanta a leda baƙa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ba ta yi kuka ba. Ana zaman makoki tana zaune kusa da turmi tana kallon mutane. A gidana ma haka: in an ba ta tuwo ta ci, in an ce ta kwanta ta kwanta a can gefen tabarma, ta juya wa kowa baya. Da yamma takan tsaya bakin zaure tana kallon hanya har a kira magariba. Na san abin da take jira. Bakina ya yi nauyi, na rasa ta inda zan fara.

Ranar da aka raba kayan Inna, 'yan'uwana suka ɗebi shadda da sababbin turame, wasu aka yi sadaka da su. Ni na ɗauki wani tsohon zane da ba wanda ya kalla, atamfa shuɗiya mai ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabo, ta koɗe, bakinta ɗaya ya fara zarewa. Shi take ɗaurawa in za ta shiga madafi, da shi kuma ta goyi Ladi. Ban wanke shi ba. Ƙanshin hayaƙin murhu na jikinsa, da na man shanu, da turaren wutar da take sakawa ran Juma'a. Na ninke na sa a ƙasan akwati. Wata rana na dawo daga kai ɗinki na tarar akwatin a buɗe, Ladi ta durƙusa ta cusa fuskarta cikin zanen. Da ta ji motsina ta yi sauri ta mayar ta rufe. Na yi kamar ban gani ba, na wuce wajen randa na sha ruwan da ba na jin ƙishirwarsa.

Ana nan sai maigida ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp cewa a rubuta ta lakwal, wato makarantar boko, bana, shekarunta sun kai. Ya turo kuɗin jaka da kaye, wato littafin rubutu, da ɗan allo da alli. Ni kaina a CE2, aji huɗu na firamare, aka cire ni aka sa ni talla, kuma har yau in aka miƙo mini takardar asibiti sai na nemi mai karanta mini. Don haka ban taɓa tunanin hana ta boko ba. Amma akwai abin da ke cina a rai. A ranar 13 ga Afrilu na wannan shekarar ta 2021, farkon azumi, wuta ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, azuzuwan zana suka kama, yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana 'yan rainon boko. A rediyo na ji, ina tsakiyar ɗinki, na kasa ƙarasa rigar ranar. Kuma na san ajin CI, wato aji ɗaya, na makarantar unguwarmu rumfa ce. Azuzuwan siminti na manya ne. Na ƙanana sai an yanke gero a samu kara, iyaye su haɗa kuɗi a sayi zana a kafa. Wannan tsoron ban faɗa wa kowa shi ba.

Farkon Oktoba aka koma. Na yi mata kitso, na sa mata rigar da na ɗinka, na ba ta dala 5 ta sayi ƙosai. Muka kama hanya, tana gaba ina baya, ba ta riƙe hannuna ba ni ma ban miƙa ba. Da muka isa bakin makaranta ta ga taron yara, ana jera su, ana yi musu magana da Faransanci, harshen da ba ta taɓa ji ba sai a talabijin ɗin maƙwabta. Ta tsaya cak. Madam, malamar ajin, ta zo da fara'a ta kama hannunta ta ce mata da Hausa, "Taho ɗiyata." Nan take Ladi ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da Inna. Ta zube ƙasa tana cewa, "Ku kai ni wurin Inna! Ku kai ni Bilbis!" Wasu matan na gefe sun durƙusa suna lallashin nasu, suna share musu hawaye da bakin mayafi. Ni ina tsaye kamar an dasa ni. Mutanen unguwa ne cike da wurin, kowa ya san ɗiyar fari ce. Na ce mata, "Ke, tashi mana," na juya na tafi, ina tafiya ina jin kukan har na sha kwana.

Talata haka, Laraba haka. Ran Juma'a da hantsi sai ga wani mai kabu-kabu da ya san gidanmu ya shigo da ita. Ya ce a kan hanyar Bilbis ya tsince ta, ita kaɗai, jakarta a baya, takalmi ɗaya a hannu. Ta gudu lokacin da aka fito shan iska. Cikina ya ɗuri ruwa, don hanyar akwai titi, akwai manyan motoci.

Shawara kuwa ta zo daga ko'ina. Wata maƙwabciya ta ce bulala ce maganinta. Wata ta ce a karɓo rubutu. Surukata ta ce, "Ku bar ta, ɗiya ce, tana sabawa." Ƙanwata ta ce a bari sai baɗi. Kowa da gaskiyarsa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ke zuwa makarantar allo tun tana shekara 4 ba ta taɓa gudu ba, ba tsoron karatu ke damunta ba. A da in ta fita ta san wanda za ta tarar in ta dawo. Yanzu an ɗauke ta daga gidan da ta sani an kai ta wani, kafin ta tsaya da ƙafarta an sake tura ta wani wurin, kuma ba ta da abin riƙewa ko ɗaya.

Daren nan na kasa barci, ina ta tunanin Inna da yayanmu. Ba na cikin masu zagin kunyar ɗan fari, kuma ba na son a ce rashin so ne. Na ga yadda Inna ke ware masa tsokar da ta fi kyau ta ba ƙanwata ta kai masa, kamar ba daga gare ta ta fito ba. Na ga ta kwana zaune ranar da ya tafi bida karon farko. Son yana nan, sai dai ta hannun wani yake bi: kaka, goggo, kishiyar uwa, 'yar'uwa. Mutanen da sun san abin da suke yi, ba su bar ɗan fari haka kawai ba, sun tanadar masa wanda zai rungume shi. To ni wadda aka tanadar wa ɗiyata ta rasu. Gidajen yanzu kuma ba irin na da ba ne da mata goma a tsakar gida. Saura ni kaɗai, ga shi ban koyi yadda ake yi ba. Abin da na iya a duniya shi ne allura da zare.

Na tashi na kunna fitilar waya, na tsinko zare, na je inda take kwance. Na ɗaga hannunta na hagu a hankali na zagaya zaren a wuyan hannun, na ƙara faɗin yatsa biyu don kada ya matse, na ƙulla alama. Hannun siriri ne, da ɗumi, akwai tabon ƙuna ƙarami a gefen babban yatsa wanda ban san da shi ba, ban kuma san ranar da ta same shi ba. Tun da aka yaye ta ban taɓa riƙe hannunta na daɗe haka ba. Na gama awon amma ban saki ba sai da aka yi kiran assalatu.

Da safe na ciro zanen Inna na shimfiɗa a kan tabarma. Na daɗe riƙe da almakashi kafin in iya sa masa. Awarwaro na farko da na yanka ya lalace, saboda na bi tsawon zanen kai tsaye. Da na ɗinke na lanƙwasa sai ya yi ƙwari-ƙwari, ya ƙi kwanciya a hannu. Tela ta san wannan, amma hankalina ba ya jikina. Ƙyallen da zai zagaya wuya ko hannu a karkace ake yanka shi, daga kusurwa zuwa kusurwa, a nan ne yadi ke da ɗan ja, yana bin jiki. Na sake yankawa, faɗin yatsa uku, tsawo kuma ninki biyu da rabi na awon, don ƙulli na cin yadi. Na ninke shi gida biyu, fuskar a ciki, na bi bakin da keke, sannan na juyo shi da tsinken tsintsiya ya zama kamar 'yar hanji.

Abin da zan sa a ciki ne ya tsayar da ni. Duwatsun kwalliya na roba suna nan a kasuwa, amma ban so su ba. Sai idona ya kai kan ƙwallayen magarya da yara suka tsotse suka zubar a gindin bango. Inna ba ta dawowa daga kasuwar Lahadi ba tare da busasshiyar magarya ƙulle a bakin zane ba, ta kishiyarta. Na tsinci guda biyar masu girma ɗaya, na wanke su tas, na goge kaifinsu a kan dutsen niƙa, na shanya su a rana wuni guda don kada su yi fumfuna a cikin yadi. Ran Lahadi na shiga kasuwa na sayo maɓalli ƙarami shuɗi da zare mai ƙarfi. Sai na fara: ƙulli, in tura ƙwallo ɗaya, ƙulli, in tura wani, har biyar. Kowane ƙwallo ya fito dunƙule cikin yadin, ɗigon farin ya hau kansa kamar an zana. A baki ɗaya na ɗinka maɓallin, a ɗayan na yi masa hanci da zare ninki huɗu, na bi shi da ɗinkin hannu har ya yi kauri. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Wanda ya saba ganin aikin maƙeran Buzaye na garin nan, azurfa da zane mai kyau, ba zai kalle shi sau biyu ba.

Ran Litinin da safe tana zaune ta ƙi taɓa kokonta. Na ce, "Ke, zo nan. Miƙo hannunki." Ta miƙo tana kallon ƙasa. Na ɗaura mata na sa maɓallin. Ta kalle shi, ta juya hannun, sai ta kai shi hanci. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Na Inna ne."

Na ce, "Na Inna ne. Ƙwallo biyar ne a ciki, kwanakin lakwal biyar. Yau na farko. In kin ji kina son gida ki riƙe na yau, ki shinshina. In an tashi kina tarar da ni a bakin ƙofa."

Ta ɗago ta kalle ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce, "Yaya, kullum?"

Na ce, "Kullum, in Allah ya yarda."

Ta yi kuka ranar ma, ba zan ɓoye ba, amma ta shiga rumfar da ƙafarta, hannun dama riƙe da na hagu. Da aka tashi ina bakin ƙofa da ƙaninta a baya. Na ajiye ɗinkin mutane, har wata ta karɓe yadinta ta kai wani wuri. Sati biyu ina wannan zirga-zirga, kukan yana raguwa, har ranar da ta shiga ba ta waiwayo ba.

A sati na uku ne ƙanen maigida ya zo gaishe da surukata. Mutum ne mai karatu, mai tsoron Allah, shi ke kula da gidan in yayansa ba ya nan. Ladi ta kawo masa ruwa, ya ga abin a hannunta, ya taɓa ya ji tauri a ciki. Fuskarsa ta canza. Ya kira ni ya ce, "Matar yaya, wanga abu mi ne ne? Laya kika ɗaura mata? Kin san hukuncin rataya wa yaro irin wannan da nufin tsari." Na ce, "Malam, wallahi ba laya ba ce, ba rubutu a ciki, ba wanda ya tofa masa komai." Ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, don a ido kama da laya yake. Na ɗauko reza na ce wa Ladi ta ciro. Ta ƙi. Na durƙusa na ce mata a hankali, "Ina mayar miki da shi kafin ki kwanta." Ta ba ni tana rawar baki. A gabansa na farke ɗinkin, na kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ƙwallayen magarya suka zubo a tafin hannunsa. Na ce, "Zanen tsohuwarmu ne. Ba ya tsare ta daga komai, Allah ke tsarewa. Tana tuna kakarta ne da shi." Ya juya su a hannu, idonsa ya yi ja, ya ce, "Allah ya jiƙan Inna. Ki yi haƙuri matar yaya." Ƙyallen bai ɗinku ba bayan farkewar, dole na sake yanka wani daga zanen. Kafin isha'i yana hannunta.

A kan ƙwallayen nan ta koyi ƙidaya da Faransanci. Ina jin ta da dare tana bin su da yatsa: an, de, turwa, katir, senk. In ta kai ƙarshe ta dawo baya. Madam ma da farko ta ce ba ta son yara su riƙa zuwa da kayan ado don suna jawo faɗa, amma da na yi mata bayani a gefe ta ce a bar shi, ita ma a hannun kakarta ta tashi a Illela.

Sai ranar Litinin 8 ga Nuwamba. Wuta ta sake tashi, wannan karon a Maraɗi, azuzuwan zana ne kuma, yara fiye da 20 suka rasu, 'yan shekara 5 da 6, sa'o'in Ladi. Bayan nan gwamnati ta hana yin ajin zana ga 'yan rainon boko, amma CI ajin firamare ne, rumfarsu na nan yadda take. Daren nan na ce a raina ba za ta koma ba. Da safe kuwa ita ce ta fara tashi, ta wanke fuska, ta ɗauki jakarta, ta tsaya tana jirana. Yarinyar da aka sha wuya kafin ta shiga, yanzu ni zan ce kar ta je? Na raka ta, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Kwana uku bayan haka ina kan keke da hantsi, sai na ji mata suna salati a waje, wata na cewa hayaƙi ne wajen lakwal. Ban san lokacin da na fita ba. Ba mayafi, ba takalmi, ƙaninta na bari a hannun surukata. Muna gudu mu da yawa, hayaƙi baƙi na tashi ta bayan katanga. Ashe bola wani ya cinna wa wuta a filin da ke maƙwabtaka, iska ta kwaso hayaƙin. Amma malaman ma a tsorace suke, sun riga sun fito da yara duka, sun cika fili, kowa na kuka, iyaye na kutsawa. Na duba gabas na duba yamma ban gan ta ba, duk kawunansu iri ɗaya, duk kitso iri ɗaya. Sai na ji murya tana kira da ƙarfi, "Ladi! Ladi! Ladina!" Muryata ce. A gaban maƙwabtana, a gaban malamai, a gaban matan da suka san ni tun ina amarya.

Tana can gindin bedi, ta matse awarwaron a baki da hanci. Ta ji sunan, ta waiga tana neman mai kiran, ta kalle ni ta wuce ni da ido, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba. Sai da na sake kira. Ta taho da gudu ta faɗa jikina, na ɗauke ta cak, ɗiya mai shekara 6, na goya ta da zanen da ke jikina na kai ta gida. A hanya wata tsohuwa ta ce, "Yau kunya ta tafi kiwo." Wata ta amsa mata, "Bar ta, wuta ba ta san ɗan fari ba."

Ba wai daga ranar komai ya sauya ba. A gaban surukata har yanzu "ke" nake cewa, bakina bai saba ba, kuma girmanta ne. Amma in mu biyu ne ina kiran sunanta, ina yi mata kitso tana kwance a cinyata. Ita kuma ba ta daina ce mini Yaya ba sai da ta shiga CP, aji biyu, wata rana kawai na ji ta ce wa ƙaninta, "Kai wa Mama almakashinta." Na ci gaba da taka keke, zaren ya tsinke ban lura ba.

Awarwaron bai kai ƙarshen shekara ba. Zufa da ƙura da wanki suka cinye shi, ƙanshin Inna ya tafi tun cikin hunturu, ɗigon farin ya zama ruwan ƙasa. Na yi mata na uku. Kafin a ba da babban hutu na tsince shi a cikin kwandon wanki, ta cire ta manta, kwana nawa ban sani ba. Na ji wani abu ya soke ni, sannan na yi hamdala. Na wanke shi na sa a akwati.

Matan unguwa kuwa sun gani. Da Oktoba ta sake zagayowa wata ta zo da tsohon majanyinta ta ce in yi wa ɗiyarta irin na Ladi. Wata ta kawo hannun rigar mijinta da ya shekara uku a Libiya. Wata kallabin 'yar'uwarta da ta rasu wajen haihuwa ta bar mata yaro. Ina yin awarwaro, ina yin abin wuya mai ƙwallo bakwai ko tara, har da 'yan kunne na maɓallin da aka lulluɓe da yadi ga 'yan mata masu son ado kawai. Na ado, da guntayen atamfar da ke zuba a ƙarƙashin keke nake yi, dala 50 guda, wato sefa 250. Na 'yan lakwal kuwa ba na karɓar komai sai kuɗin maɓalli, kuma ba na yi da ƙyallena. Nakan ce wa uwar ta koma gida ta nemo wanda yaron ya sani, kada ta wanke, ta auno hannun da kanta. Ina kuma faɗa wa kowace, a gaban yaron, cewa ƙwallon magarya ne a ciki ba wani abu ba. Ga jarirai da masu rarrafe ba na yi sam, don suna iya tsinkawa su haɗiye.

Bana Ladi tana CM1, aji biyar. Ita ke karanta mini takardar asibiti, ita ke rubuta awon mutane a kaye. Zanen Inna saura kamar tafin hannu biyu. Autana zai shiga CI baɗi in Allah ya kai mu, kuma ya riga ya faɗa cewa shi namiji ne, ba ya sa awarwaro. Bai san Inna ba, yana goye ta rasu. Ladi ce ta ce in yanko daga zanen da na goye shi da shi, in ɗinka masa ƙwallo biyar ɗin a cikin igiyar jakarsa ta ciki, inda hannunsa zai kai amma abokansa ba za su gani ba. Ta fara tara magaryar a gwangwanin madara.